Yaushe Ya Kamata A Sayar Da Harawa?

Da kaka, watau Oktoba da Nuwamba, harawar wake da ta gyaɗa ba su da daraja, gama kowa na da su, dabbobi kuma suna kiwo a gonakin da aka girbe. Daga Fabrairu daji ya bushe, kuɗin dami ya fara hawa, har ya kai iyakar tsada da bazara, wajen Afrilu da Mayu.

To, a nan ne kwaɗayi kan ka da mutum. Ruwan farko in ya doki harawar da ke kan ɗaki ko bisa itace, sai ta yi baƙi, ta yi fumfuna, dabba ta ƙi ta. Da sabuwar ciyawa ta fito kuwa, masu saye sun watse. Ban da wannan ga gara, ga gobara, ga ganye yana kakkaɓewa, alhali amfanin a ganyen yake.

Dabara ita ce a kasa harawa uku. Kashi ɗaya na dabbobin gida ne, kada a taɓa shi, don shanun noma su shiga huɗa da ƙarfinsu. Na biyu a sayar tsakiyar rani. Na uku a fitar da shi kafin hadari ya fara haɗuwa. Manomin Zariya ya kamata ya riga na Katsina sayarwa, don ruwa ya kan fara sauka wajensa.

A lura da Babbar Salla kuma. Masu kiwon raguna su kan nemi harawa wata 2 ko 3 kafinta, ita kuwa tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. Wanda ya lissafa wannan tun da kaka, ba ya sayarwa da hasara.