Ramin da Ya Haɗiye Katafila a Bohicon

Duk wanda ya saba bin hanyar Parakou zuwa Kwatano ya san Bohicon, inda motoci kan tsaya a yi salla a ɗan taɓa abinci. Amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa ratsewa zuwa Agongointo, alhali kuwa a gefen garin yake.

A watan Fabrairu na 1998, ana cikin aikin wata hanya da ƙasar Danmak ta ba da kuɗinta, sai ƙasa ta rufta da katafila. Ko da aka leƙa, ashe ɗaki ne mutanen dā suka sassaƙa cikin marmara. Masana daga jami'ar Kopenhegen, a ƙarƙashin Klavs Randsborg, suka duƙufa tare da takwarorinsu na Benin, har aka gano irin waɗannan ɗakuna fiye da 50, wasu zurfinsu ya kai mita 10. Bakinsu ƙunci kamar na rijiya, cikinsu kuwa faɗi, har da lunguna. Mutanen yankin na kiran su ahouando, wato ramin yaƙi, domin an ce a ciki mayaƙan Dahomey suke ɓuya. Wasu masana na ganin an riƙa tara ruwa a cikinsu. A 2008 aka buɗe wurin ga masu ziyara.

Da a ce ranar nan an cike ramin da ƙasa an wuce, shi ke nan.

Wannan ne ya sa muka tuna da namu. Ta Nikki da Parakou da Djougou ayarin fatake ke bi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, kuma duk inda ayari ya yada zango sai ya bar alama. A nan Tourou, masu haƙar ƙasar bulo da masu tonon harsashin gini sukan ci karo da tsingaro, ko kashin maƙera, ko tukunya a kife. Wani ya fasa ta yana tsammanin zinariya, wani ya ce kayan tsafi ne ya watsar. Dukansu sun yi mana asara, domin masani yana gane shekarun abu ne daga zurfin da yake kwance da gawayin da ke kewaye da shi. Da zarar an ɗaga, shaidar ta tafi.

Saboda haka muna roƙon iyaye su gaya wa samarinmu leburori: in an tarar da irin wannan, a dakatar da diga, a sanar da mai unguwa da ofishin magajin gari. In kuwa ƙashin ɗan Adam ne, a fara suturta shi, sannan a kira liman.