Agogon Jiki da Masu Kwana a Farke a Agege

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau muna Agege ta birnin Ikko, kuma zancenmu a kan wani agogo ne da kowa ke yawo da shi a cikin jikinsa. Ku gyara zama.

(Ƙarar motoci daga nesa, da ƙarar cokali a cikin kofi)

Ƙarfe uku na dare, kusa da gadar Pen Cinema. Mai shayi ya ɗaga kofi sama yana sheƙawa, ga burodin Agege da ɗuminsa, wanda aka kwana ana gasawa. Maigadi ya ƙaraso da tocila a hammata, goro a kumatu, ido ja wur, ya ce a haɗa masa mai kauri. Can a mayankar Oko-Oba tirelolin shanu sun iso daga Arewa, mahauta na wasa wuƙa tun kafin kiran assalatu. Hausawa na cewa dare mahutar bawa, amma a nan akwai bayin Allah da dare ne gonarsu. To, me jikinsu ke yi a wannan sa'ar?

A can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu suka gitta juna, akwai wani ɗan curi da bai kai ƙwayar shinkafa ba, mai ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan 20,000. Shi ne uban agogo, kuma hasken da ke shiga ido ke saita shi. Duhu na yi, sai ya ba da umarni a saki sinadarin melatonin mai shirya jiki don barci. Gab da asuba kuma sai sinadarin kotisol ya hau, jiki ya ɗaura ɗamarar aiki. Hanta da hanji da fata kowanne da nasa ƙaramin agogon, duk suna bin na ƙwaƙwalwa sau da ƙafa.

Wasu masana uku na Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun ci kyautar Nobel a 2017 saboda gano yadda agogon ke juyawa, kuma a jikin ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace suka gano shi. Ku ɗauko hoton tankin ruwa mai rufe kansa in ya cika. Wata ƙwayar gado ce ke sa a sarrafa wani sinadari, ya yi ta taruwa cikin dare. Da ya cika sai ya toshe hanyar da ake yin sa, ya lalace da rana, a sake sabon lale. Zagaye ɗaya kusan awa 24.

(Gajeren kiɗa)

Jikin ɗan Adam gini ne da magina ba sa sauka daga kansa. Shimfiɗar cikin hanji na sabuntawa cikin kwana uku zuwa biyar. Jajayen ƙwayoyin jini kan yi kwana 120 a maye gurbinsu. Masana sun ƙiyasta cewa jiki na sauya ƙwayoyi sama da biliyan 300 a kowace rana, kuma hanyar guda ce: ƙwaya ɗaya ta rabu biyu. Kafin ta rabu sai ta kwafe rubutun gadonta, wato DNA, kaf ɗinsa, sannan ta bi ta shingayen bincike. Direban da ya taɓa ɗauko kaya daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 ya san shinge: ba ka wucewa sai an duba takardunka. In an ga kuskure a kwafin, a tsayar da ƙwayar a gyara, in ba ta gyaruwa a hallaka ta.

Wa ke riƙe da sandar shingen? A 2003 masana a Jami'ar Kobe ta Japan, ƙarƙashin Hitoshi Okamura, sun yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓeraye, domin hanta kan sake tofowa. Wasu an yi musu aikin da wuri, wasu sai bayan awanni. Abin mamaki, da aka zo rabuwa, ƙwayoyin hantar duka sai suka jira lokaci guda na yini. Bincike ya nuna wani sinadari mai suna Wee1 ne ɗan tsaron shingen, kuma agogon jiki ke faɗa masa lokacin rufewa da na buɗewa. Ɓerayen da aka lalata wa agogo kuwa, hantarsu ta yi jinkirin cikowa.

Ga wani bincike da ya shafi mai tsire da ma'aikacin gidan burodi, masu kwana a bakin wuta. A 2017 masana a Kambirij ta Ingila sun duba bayanan mutum 118 da suka ƙone. Waɗanda suka ƙone da rana sun warke cikin kimanin kwana 17, na dare kuwa sai da suka kai 28. Ƙwayoyin fata masu rarrafawa su rufe ciwo sun fi kuzari da rana.

Ita cutar daji, wato kansa, ba komai ba ce illa ƙwayoyin da suka ƙi jin birki suka yi ta rabuwa. Tunda agogon jiki na da hannu a rabuwar ƙwayoyi, shi ya sa masana suka sa ido a kan masu aikin dare. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansa a 2007, ta sake jaddadawa a 2019. Amma a ji da kyau: hujjar ta fi ƙarfi a gwajin dabbobi, a kan mutane tana da iyaka. Ba a ce duk maigadi zai kamu ba. An dai ga cewa shekaru ana juya dare ya koma rana na tafiya tare da ƙarin haɗarin ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya.

Wannan ilimi ya shiga asibiti ma. Likitan Faransa Francis Lévi ya shafe shekaru yana gwada ba da maganin kansar hanji a sa'o'in da ƙwayoyi masu lafiya suka fi jure shi, kuma a wasu gwaje-gwajen wahalar maganin ta ragu. Sai dai sakamakon bai zo iri ɗaya ga kowa ba, don haka mai karɓar magani, ko a cibiyar kansa ta asibitin LUTH da ke Idi-Araba ko a wani wuri, kada ya sauya lokacin da likita ya yanka masa.

(Kiɗa a hankali)

Ba wanda zai ce wa magidanci ya ajiye aikin da yake ci da iyali. Amma akwai dabara. Ka tsayar da lokaci guda na barci, kada yau safe gobe yamma. Ka rufe taga da labule mai kauri, ka ajiye waya. Goro da shayi mai kauri a farkon dare za a sha su, kada a kai su gab da tashi aiki. Abinci mai nauyi a bar shi sai gari ya waye. Uwargida, a janye yara daga ƙofar ɗaki in maigida ya kwanta, barcin nan nasa ba lalaci ba ne. Mai aikin rana kuma, kada hira da kallon waya su kai ka ƙarfe biyu ba dalili.

Kira na ƙarshe ga masu gidaje da shugabannin kasuwanni da na unguwanninmu: maigadin da ya kwana tsaye, kada a tura shi wankin mota da aike da hantsi. A ba shi ranar hutu, a samo wanda za su riƙa karɓa-karɓa. Ku kuma masu aikin dare, ku riƙa leƙa asibiti ana auna jininku da suga, domin rigakafi ya fi magani.

A nan za mu dasa aya. Sai Allah ya kai mu shiri na gaba. Ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)