Gam ɗin da ba ya tsoron ruwa: abin da likitoci ke koya daga ƙumbar teku

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da gam ya san maganar da ake wa mai saye: ka goge wurin, ka bar shi ya bushe tukuna. Ruwa shi ne abokin gaban gam. Hatta ƙaron da ake fitarwa daga Sudan da Chadi da arewacin Najeriya, duk darajarsa a kasuwar duniya, da ya ji ruwa sai ya narke. To amma akwai wata halitta da ke liƙe kanta a jikin dutse cikin teku, igiyar ruwa na dukanta dare da rana, ba ta ɓanɓaruwa.

Ita ce ƙumbar teku, mai ɓawo biyu, wadda Turawa ke kira masel. 'Yan uwa da ke zaune a Lome ko Kwatano ko Duwala sun saba ganin ire-irenta manne a duwatsun bakin ruwa da ƙarƙashin jiragen ruwa. Tana miƙo wata tsoka mai kama da harshe, ta dafa dutse, ta zubo wani ruwa, cikin 'yan mintuna ya zama zare mai ɗan faifai a ƙarshensa. Haka za ta yi ta yi har zaren ya kai gommai. Kamar dai yadda ake kafa tanti da igiyoyi.

A 1981 wani masani a Amurka, Herbert Waite, ya gano cewa furotin ɗin wannan zare cike yake da wani sinadari mai suna DOPA. Shi ne ke ratsa ruwan da ke saman dutse ya kama dutsen kansa, sannan ya haɗu da sinadarin ƙarfe da ƙumbar ke samu daga teku, gam ɗin ya daskare. Abin mamaki, wannan DOPA ɗin dai shi ne ake sarrafawa a ba masu ciwon karkarwar jiki, wato Fakinsin.

Me ya kawo likitoci cikin maganar? Ai cikin jikin mutum jiƙe yake, ga jini ga ruwa. Allura da zare kuwa huda nama suke yi, kuma akwai wuraren da ba sa son huji: huhu, mafitsara, ido. Gam ɗin da asibitoci ke da shi yanzu iri biyu ne suka fi yawa. Wanda ake haɗawa daga sinadarin jini jiki na karɓarsa, sai dai riƙonsa ba ƙarfi. Ɗaya kuma dangin sufa gulu ne, yana da riƙo, amma ya fi dacewa da saman fata.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne batun mata masu juna biyu. Wani lokaci dole likita ya yi wa jariri aiki tun yana ciki. Sai ya huda jakar ruwan da jaririn ke kwance a ciki, ita kuwa wannan jaka ba ta cika warkewa da kanta ba, ga ta da laushin da ɗinki ke yaga ta. Ruwa ya tsiyaye, naƙuda ta zo kafin lokaci, a haifi bakwaini ko a rasa ɗan gaba ɗaya. Farfesa Phillip Messersmith, wanda ke jami'ar Kalifoniya a Bakli, ya shafe shekaru yana haɗa gam mai kwaikwayon na ƙumba don toshe irin wannan huji.

Sai matsalar da mu 'yan kasuwa za mu fi ganewa: kaya. Kafin a tatso giram 1 na furotin ɗin, ana buƙatar ƙumba wajen 10,000. Giram ɗaya fa! Akwai wanda ake sayarwa da sunan Cell-Tak, amma ɗigo-ɗigo masu ɗakin gwaje-gwaje ke saye don liƙa ƙwayoyin halitta a gilashi. Shi ya sa a jami'ar POSTECH da ke Pohang, Koriya ta Kudu, Farfesa Cha Hyung Joon da mutanensa suka bi wata hanya: suka sa ƙwayoyin bakteriya su riƙa samar da furotin ɗin a cikin tanki. A 2015 suka nuna wani gam da ake shafawa a rauni, a haska masa shuɗin haske, ya rufe cikin minti guda. A jikin ɓeraye aka gwada.

Ɓangaren masana'antu ya riga na asibiti isa kasuwa. Kaichang Li na jami'ar jihar Oregon ya gyara furotin ɗin waken suya ya yi aiki irin na ƙumba, yanzu kamfanin Columbia Forest Products na liƙa katakon filawud da shi ba tare da fomaldihaid mai cutarwa ba. A jami'ar Purdue kuma Jonathan Wilker ya haɗa gam da ake shafawa a ƙarƙashin ruwa.

Na asibitin dai yawancinsa na matakin gwaji, don haka in wani ya kawo maka kwalba a shago ya ce maganin ɗinke rauni ne daga teku, riƙe kuɗinka. Sufa gulun da muke sayarwa kuma, wanda wasu ke tsiyayawa a yanka ko kaushin ƙafa, ba shi ne na asibiti ba. Yana ƙona nama, yana kuma iya rufe datti a cikin rauni ya ruɓe daga ciki. Mai ciwon suga musamman, ko kusa kada ya gwada shi a ƙafarsa.