Tsohon Teburin Tamaula: A Duba Kafin A Taya

A 1923 aka yi wa Harold Thornton rajistar wannan wasa a Ingila, wato tamaular 'yan tsana da ake murzawa da sandunan ƙarfe bisa tebur. Amma fa tsufa kaɗai ba ya sa tebur tsada, sai sunan maƙeri da lafiyar kaya.

Tambarin kamfani shi ke tona shekaru. Samfurin B60 na Bonzini a Faransa ya fito a 1959, Tornado na Amurka kuwa a 1970. Dillalin da ya ce nasa ya girmi haka, ƙarya yake.

Sannan mai saye ya murza kowace sanda, ya duba katako. In sanda ta lanƙwashe, ko ruwa ya kumbura katako, kuɗin gyara na iya fin na saye. Araha dai ba ta ado.