ILMIN HALAYYAR ƊAN ADAM DA NAZARIN LAIFUFFUKA: BAYANI GA ƊALIBAI DA IYAYENSU

Ran 24 ga watan Afrilu, 2024, da dare, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Suleja ta Jihar Neja, har wani sashe na katangar gidan yarin garin ya rushe, fursunoni fiye da 100 suka tsere. An gina gidan tun 1914 don mutum 250, amma a daren nan akwai kusan ninki biyu na wannan adadi a ciki. Gyaran katanga aikin magina ne. Sanin dalilin da ya sa mutane ke cika irin waɗannan gidaje, da yadda za a yi wanda ya fita kada ya komo, wannan aikin masu ilmi ne, kuma ƙasarmu tana bukatarsu ƙwarai.

An shirya wannan ɗan littafi domin bayyana wa jama'a fannoni biyu da ake koyarwa a jami'a, watau ilmin halayyar ɗan Adam da ilmin nazarin laifuffuka, da amfanin haɗa su wuri ɗaya.

MENE NE WAƊANNAN FANNONI?

Ilmin halayyar ɗan Adam yana binciken yadda mutum ke tunani, da yadda yake koyo da tunawa da mantuwa, da abin da ke sa shi fushi ko tsoro, tun daga ƙuruciya har tsufa. A 1879 ne wani malami, Wilhelm Wundt, ya buɗe ɗakin gwaji na farko domin wannan fanni a Leipzig ta ƙasar Jamus. A nan Nijeriya kuwa, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashensa a 1964.

Shi kuwa ilmin nazarin laifuffuka, laifi yake dubawa a cikin al'umma: wane irin laifi ya fi yawa, a ina, su wa ke aikata shi, su wa yake shafa, kuma wane irin horo ke rage shi. Yana kuma bin diddigin aikin 'yan sanda da kotuna da gidajen yari. Na farko ke nan yana duban mutum guda, na biyu yana duban garin da mutumin ya tashi a ciki.

YADDA FAHIMTA TA SAUYA

Tun a 1764 wani masani na ƙasar Italiya, Cesare Beccaria, ya nuna cewa tabbacin za a kama mai laifi a hukunta shi ba da jinkiri ba ya fi tsananin hukunci hana ɓarna. Bincike na zamani ya ƙarfafa maganarsa.

A 1876 wani likita, Cesare Lombroso, ya yi da'awar cewa ana haifar mutum da laifi a jininsa, har ana iya gane shi ta siffar kansa da fuskarsa. Da aka auna fursunoni aka gwada su da sauran mutane, sai da'awar ta rushe. Wannan darasi ne babba, gama har gobe akwai masu yanke wa mutum hukunci saboda kamanninsa ko ƙabilarsa.

Daga baya Edwin Sutherland na Amurka ya bayyana a 1939 cewa koyon laifi ake yi a wurin abokan hulɗa, kamar yadda ake koyon kowace sana'a. Bahaushe ya riga shi faɗa, da ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Don haka ne masana ke hana a tsare yaro wuri ɗaya da riƙaƙƙun ɓarayi, aka kuma keɓe gidajen horon matasa a Kaduna da Ilorin da Abeokuta.

AMFANIN HAƊA FANNONIN BIYU

A ɗauki shaida a gaban alƙali alal misali. A 1974 Elizabeth Loftus da abokin aikinta suka nuna wa mutane fim na haɗarin mota, sa'an nan suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Waɗanda aka yi wa tambayar da kalma mai zafi sun faɗi gudu mai yawa, kuma bayan mako guda da dama daga cikinsu suka ce sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Ashe mai gaskiya ma yana iya yin shaidar kuskure idan aka karkata masa tambaya. Ɗan sandan da ya san wannan zai bar mai shaida ya ba da labari da bakinsa tukuna, ba zai sa masa magana a baki ba.

Haka nan batun hankali. Dokar Laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta ce ba a kama yaron da bai kai shekara 7 da laifi, haka kuma wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa. Kotu takan nemi taimakon ƙwararru wajen tantance wannan. Daɗin daɗawa, a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma kare haƙƙin masu wannan lalura.

A 2019 aka yi dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari ta koma Hukumar Gyaran Hali ta Nijeriya. Dokar ta tanadi horon da ba sai an kulle mutum ba: yi wa jama'a aiki kyauta, ɗaurin talala, sakin fursuna bisa sharaɗi kafin cikar wa'adinsa, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda ya cuta. To, wa zai auna wanda ya cancanci a sake shi? Wa zai bi sawunsa bayan ya koma gida? Sai jami'in da ya san halin mutum ya kuma san halin gari. A lura kuma, wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a tabbatar musu da laifi ba tukuna.

ABIN DA YA SHAFI SULEJA

Garin nan shi ne ainihin Abuja, wanda Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa a 1828. Da aka keɓe yankin babban birnin tarayya a 1976, garin ya bar wa sabon birni sunansa, ya ɗauki Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga lokacin, musamman bayan gwamnati ta ƙaura daga Legas a 1991, baƙi daga kowane lungu na ƙasa suka yi ta kwarara zuwa Suleja da Madalla, domin haya ta fi sauƙi a nan.

Masana sun lura cewa duk garin da ya cika farat ɗaya, maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba, tsawatarwar dattawan unguwa takan yi rauni. Iyaye da yawa kan fita da asuba zuwa aiki Abuja, ba su komowa sai dare, yara kuwa suna hannun titi. Wannan bai mai da baƙo mai laifi ba. Abin da ya nuna shi ne, gari irin wannan yana bukatar malamai masu ba da shawara a makarantu, da jami'an jin daɗin jama'a, da masu taimakon waɗanda shaye-shaye ya kama, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

INA AKE KARATUN?

A Ingila jami'o'i da yawa suna ba da digiri guda wanda ya haɗa fannonin biyu cikin shekara 3. A Nijeriya galibi kowanne da sashensa, kuma karatun shekara 4 ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗalibi ya yi digirin farko a fanni ɗaya, ya ɗauki darussan zaɓi daga ɗayan, sa'an nan ya cike da digiri na biyu.

Ana koyar da halayyar ɗan Adam a Jami'ar Jos da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi. Ana koyar da nazarin laifuffuka a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Karatu Daga Gida, wadda hedkwatarta ke Jabi a Abuja, har ma tana da cibiyoyi a cikin wasu gidajen yari inda fursunoni ke karatu kyauta. Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil ma tana koyar da halayyar ɗan Adam.

Mai neman shiga yana bukatar kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, sa'an nan ya ci jarrabawar JAMB. Kada a raina Lissafi, domin ƙididdiga da hanyoyin bincike su ne ƙashin bayan karatun. Kafin a biya ko kwabo, a duba littafin JAMB na shekarar, a kuma tabbata Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da kwas ɗin.

AIKI BAYAN KARATU

Wanda ya gama yana iya neman aiki a rundunar 'yan sanda, ko Hukumar Gyaran Hali, ko Hukumar Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi wadda aka kafa a 1989, ko ma'aikatun jin daɗin jama'a, ko koyarwa da bincike. Amma a sani, digirin farko bai mai da mutum likita ba. Likitan ƙwaƙwalwa sai ya yi karatun likitanci, mai son duba marasa lafiya ta fannin halayya kuwa sai ya ƙara digiri na biyu da horo a asibiti, irin na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato. Aikin kuma ba irin na fim ba ne. Yawancinsa sauraro ne da rubuta rahoto da riƙon amana, tare da haƙuri da mutanen da kowa ya juya wa baya.

Ana kira ga iyaye da su ƙarfafa 'ya'yansu, maza da mata, su nemi wannan ilmi. Fursuna mace da yarinyar da aka ci wa zarafi sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu mace, kuma kowa ya fi faɗin damuwarsa da harshen da ya sha a nono. Ɗalibin da ke son ƙarin bayani ya tuntuɓi shugaban makarantarsa ko ofishin JAMB da ke Minna.