Juriyar Zuciya da Lafiyar Ƙwaƙwalwa ga Ɗaliban Aikin Jinya

Gabatarwa

A kowace shekara akan sami samari da 'yan mata daga Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa waɗanda ke kammala sakandare da burin karanta aikin jinya. Wasu kan shiga kwalejin koyon aikin jinya da unguwarzoma ta Jihar Katsina, wasu kuwa kan nemi digiri a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Karatun digirin yakan ɗauki shekara 5, kuma ban da jarrabawar jami'a akwai ta Hukumar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979. Ba a ba mutum lasisin aiki sai ya ci ta.

Iyaye da malamai sukan shirya ɗalibi ta fuskar kuɗin makaranta da darussan kimiyya, amma ba kasafai ake shirya zuciyarsa ba. Alhali kuwa nauyin da wannan karatu ke ɗora wa zuciya bai gaza wanda yake ɗora wa aljihu ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin irin wannan nauyi, da yadda yake aiki a jikin mutum, da kuma abin da masana suka gano game da juriya.

Nauyin da Ke Kan Ɗalibi

Ɗalibin aikin jinya yana ɗauke da kaya biyu a lokaci guda. Na farko shi ne karatun aji: ilimin sassan jikin mutum, da yadda suke aiki, da ilimin magunguna, da sauransu, duka kuma da Turanci. Na biyu shi ne zuwa asibiti don sanin makamar aiki. A can ne yarinya 'yar shekara 19 za ta fara ganin jini yana zuba, ta wanke gyambo, ta kwana a tsaye kan mai naƙuda, wata rana ma ta ga an rufe fuskar majinyacin da ta ba magani jiya.

Bugu da ƙari, akwai tsoron yin kuskure, domin kuskure a nan yana iya taɓa rai. Akwai faɗan manya a gaban jama'a, da fushin dangin marar lafiya. Ga kewar gida, ga ƙarancin guzuri, ga kuma sanin cewa dangi sun zuba ido suna jiran ranar da za a gama a fara taimaka musu. Ɗalibar da ke da aure kuwa, tana haɗa duk wannan da hidimar miji da goyo.

Abin da Ke Faruwa a Cikin Jiki

A 1936 wani masani mai suna Hans Selye, wanda ke bincike a birnin Montreal na ƙasar Kanada, ya lura cewa jiki yana mayar da martani iri ɗaya ga kowace irin takura, ko sanyi ne ko rauni ko wahala. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta aika saƙo zuwa wasu 'yan ƙananan halittu guda biyu da ke zaune a saman ƙoda. Su kuma sai su saki sinadarai cikin jini, waɗanda suka fi shahara su ne adirenalin da kotisol. Nan take zuciya ta ƙara bugawa, numfashi ya yi sauri, sukari ya ƙaru a jini, hankali ya tattaru wuri guda.

Wannan martani ba cuta ba ne, taimako ne. Shi ke sa ɗalibi ya farka ya yi karatu idan jarrabawa ta matso, shi ke sa nas ta yi hanzari idan an kawo wanda ya yi haɗari. Matsalar tana zuwa ne idan takurar ta ƙi ƙarewa. Selye ya kasa al'amarin kashi uku: matakin firgita, da matakin daurewa, da matakin ƙarewar ƙarfi. Idan kotisol ya daɗe da yawa a jini, yakan hana barci, ya raunana garkuwar jiki, ya ɗaga hawan jini, ya kuma taɓa sashen ƙwaƙwalwar da ke adana abin da aka koya. Wannan ne dalilin da ya sa ɗalibi zai kwana yana karatu amma ya shiga ɗakin jarrabawa ya ji kansa fayau.

Mutumin Daura ya san halin rijiya, tun daga Kusugu har zuwa ta bayan gida. Idan aka yini ana ja aka bar ta ta kwana, da safe za a tarar ta kawo ruwa. Idan kuwa aka hana ta hutawa, sai guga ya fara fito da laka. Haka jiki da ƙwaƙwalwa suke.

Mene Ne Juriya?

Masana halayyar ɗan'adam suna nufin juriya da ikon da mutum ke da shi na komawa daidai bayan wahala ta same shi. Wato ba ana nufin mai juriya ba ya jin zafi ba ne. Yana ji, yana iya yin kuka, amma bayan ɗan lokaci sai ya farfaɗo ya ci gaba da harkokinsa.

A nan ya kamata mu bambance abu biyu. Hausawa na cewa haƙuri maganin zaman duniya, kuma gaskiya ne. Amma sau da yawa mukan ɗauki yin shiru da haɗiye baƙin ciki a matsayin haƙuri. Kunya kan hana yarinya faɗin abin da ke cin ta, shi kuma yaro an gaya masa namiji ba ya raki. Wanda ya danne damuwa bai rabu da ita ba, ajiye ta ya yi, kuma jikinsa na ci gaba da biyan bashin.

Shin juriya baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita? Wata masaniya, Emmy Werner, ta bi diddigin rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai, har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasu sun taso cikin talauci da rikicin gida. Duk da haka, daga cikin waɗannan, kimanin ɗaya cikin kowane uku ya girma lafiya lau, da sana'a da iyali. Da aka duba abin da ya bambanta su, ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne kowannensu ya sami aƙalla babban mutum guda da ya riƙe shi da amana: kaka, ko inna, ko maƙwabci, ko malamin makaranta. Ke nan juriya ba a cikin mutum kaɗai take ba, rabinta yana hannun waɗanda ke kewaye da shi.

A ƙasarmu ma an daɗe da gane haka. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda masu ciwon ƙwaƙwalwa ke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti karɓar magani. Tsarin ya yi suna a duniya, domin ya nuna cewa zama cikin jama'a wani ɓangare ne na waraka.

Yadda Ake Gina Juriya

Abu na farko shi ne barci. Matashi yana bukatar awa 7 zuwa 9 a kowace rana. Wanda ya yi aikin dare ya rama da rana a ɗaki mai duhu, ya kuma ajiye waya nesa da matashin kai. Na biyu, abinci a kan lokaci da motsa jiki, ko da tafiyar rabin awa ce. Na uku, a raba karatu kaɗan-kaɗan tun farkon zango, maimakon a tara shi sai daren jarrabawa.

Na huɗu shi ne abokan shawara. Ɗaliban da suka ga mutuwa a ɗakin majinyata, idan suka zauna suka tattauna da junansu ko da wata babbar nas, sukan gane cewa abin da suke ji kowa ya taɓa jin sa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyar, riƙo da ibada da tuna manufar aikin, domin wanda ya san dalilin wahalarsa ya fi iya ɗaukarta.

Akwai kuma hanyar da ba ta ɓullewa, wato shan ƙwaya don a kore barci ko a manta damuwa. Tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018, sun lalata matasa da dama. Sauƙin da suke bayarwa na ɗan lokaci ne, bayansa sai jaraba.

Lokacin da Ya Kamata a Nemi Taimako

Juriya tana da iyaka, kuma wucewar iyakar ba abin kunya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna cewa rabin irin waɗannan matsaloli suna farawa ne kafin a wuce shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin a wuce 24. Waɗannan su ne shekarun sakandare da jami'a.

Idan ɗalibi ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki kusan kullum, ya daina jin daɗin abin da yake so a da, barcinsa da cin abincinsa suka rikice, ya janye daga mutane, to, yana iya kasancewa ciwon tsananin damuwa ne. Wannan ciwo ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, yana da magani. Idan har ya fara cewa gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar. Ana iya farawa daga asibiti a Daura, in da bukata a tura shi ga ƙwararru, kamar asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na tarayya da ke Kaduna da Kware. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna.

Doka ma ta canza. A watan Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi kare mutunci da haƙƙin mai wannan lalura.

Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamin sakandare da ya lura ɗalibarsa mai ƙwazo ta yi sanyi, ya kira ta ya tambaye ta lafiya, wataƙila shi ne babban mutum guda ɗin nan da binciken Werner ya ambata. Malaman jami'a da manyan ma'aikatan jinya kuwa, gyara cikin sirri ya fi tsawa a gaban majinyata amfani, kuma babu yawan juriyar da za ta maye gurbin hutu da isassun ma'aikata. Kai kuma ɗalibi mai burin sa farar riga, ka fara koyon kula da kanka tun yanzu. Asibitocin ƙasar Daura na jiran ka, kuma majinyacin da zai kwanta a gabanka yana bukatar hannun da ba ya rawa da zuciyar da ta huta.