Daga Kibod Zuwa Butar Lantarki: Dalilin Da Ya Sa Makunni Ke Yin "Ƙas"

Duk wanda ya taɓa ɗora ruwan shayi a butar lantarki ya san ƙarar nan ta "ƙas" da butar kan yi idan ruwa ya tafasa, ta kashe kanta ba tare da wani ya sa mata hannu ba. Haka kuma waɗanda suka yi aikin ofis a shekarun 1980 da 1990 ba za su manta da ƙarar kibod ɗin kamfanin IBM ba, watau allon madannan da ake buga rubutu da shi a kwamfuta, wanda akan jiyo shi daga ofishin da ke makwabtaka. To asalin waɗannan ƙararraki biyu ɗaya ne: wani ɗan ƙarfe ne da aka ƙera domin ya jure matsi har zuwa wani mizani, sa'annan ya juye farat ɗaya. A kan kibod, juyewar tasa harafi take fitarwa. A cikin buta kuwa, ita ce ke tsakanin mai gida da gobara.

Matsalar da injiniyoyi suka daɗe suna fama da ita ita ce ta tartsatsi. Idan ƙarafa biyu da wutar lantarki ke bi ta cikinsu suka rabu a hankali, wutar takan yi tsalle ta ratsa ɗan gibin da ke tsakaninsu, ta ƙona bakin ƙarafan, wani lokaci ma ta narkar da su su manne da juna. Makunnin da ya manne kuwa ba ya ƙara kashe wuta. A shekarar 1884 wani injiniya a birnin Newcastle na Ingila, John Henry Holmes, ya ƙera makunnin fitila mai sifirin a ciki, ta yadda ko da mutum ya danna shi da sanyin jiki, sifirin ɗin zai fizge ƙarafan su rabu cikin hanzari. Tun daga lokacin wannan ƙa'ida ta zauna, kuma ita ce ake bi a makunnan bango har zuwa yau.

Sai dai makunnin bango yatsan mutum yake jira. Ana bukatar wanda zafi kaɗai zai motsa shi, kuma dabarar hakan ta girmi fitilar lantarki kanta. Wani kafinta mai ƙera agogo a Ingila, John Harrison, ya yi shekaru yana neman agogon da matuƙan jiragen ruwa za su dogara da shi don sanin inda suke a teku, amma sauyin zafi da sanyi yana sa agogo ya yi gaggawa ko ya ja baya. A agogonsa na uku, wanda ya kammala a 1759, sai ya haɗa fallen tagulla da na baƙin ƙarfe ya manne su wuri guda. Da yake tagulla ta fi baƙin ƙarfe miƙewa idan ta ji zafi, fallen yakan lanƙwashe ya nufi gefe guda, idan ya huce kuma ya koma yadda yake. Miƙewar ba ta da yawa, domin sandar tagulla mai tsawon mita ɗaya, idan aka ƙara mata zafi da digiri 100 a ma'aunin Selshiyas, abin da za ta ƙaru da shi bai kai milimita 2 ba. Amma hakan ya isa ya motsa makunni. Daga baya, a 1896, masanin kimiyyar nan ɗan ƙasar Suwizalan, Charles Guillaume, ya gano wani haɗin ƙarfe mai suna Invar, wanda kashi 36 cikin ɗari nasa nikel ne, kuma kusan ba ya miƙewa ko kaɗan. Wannan aiki ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 1920, kuma akan haɗa Invar da wani ƙarfen mai saurin miƙewa don samun lanƙwasa mai ƙarfi.

To amma fallen Harrison a hankali yake lanƙwashewa, watau dai matsalar tartsatsi tana nan. Wanda ya warware ta shi ne wani Ba'amurke, John Spencer, a farkon shekarun 1920. Labarin da ake bayarwa shi ne, lokacin da yake matashi yana gadin dare a wata masana'anta a jihar Maine, ya lura cewa ƙofar ƙarfe ta murhun tukunyar tururi takan kumbura da ƙara idan wuta ta yi ƙarfi, ta kuma koma da ƙara idan wutar ta lafa. Sai ya ɗauki fallen ƙarfe biyu ya yanka shi zagaye, ya ba shi ɗan zurfi kamar faifai. Irin wannan faifai ba ya motsi yayin da zafi ke ƙaruwa, sai an kai wani digiri, sa'annan ya kife gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, kamar yadda murfin gwangwani kan yi idan an danna tsakiyarsa. An sayar da shi da sunan Klixon, kuma har yanzu masu gyaran firji a ƙasashe da dama da wannan suna suke kiran makunnin da ke kare injin firji daga zafi.

A Birtaniya, inda shan shayi ya zama jiki, kamfanin Russell Hobbs ya fitar da butar da ke kashe kanta a 1955. Daga baya John Taylor, wanda aka haifa a garin Buxton a 1936, ya ƙware wajen ƙera ƙananan makunnan buta, da farko a kamfanin Otter na iyalinsu, sa'annan a kamfanin Strix da ke tsibirin Man. Yadda abin ke aiki shi ne, makunnin ba ya taɓa ruwan. Akwai wata 'yar hanya da ke ɗaukar tururi daga saman butar zuwa inda faifan yake, ko dai a mariƙi ko a gindi. Da zarar ruwa ya tafasa tururi ya yi yawa, sai ya bugi faifan, faifan ya kife ya ture wani ɗan sanda, wuta ta yanke. Wannan ne ya sa butar da aka bar murfinta a buɗe takan yi ta tafasa ba ta tsaya ba, domin tururin ya bi iska. Shi ne kuma ya sa ba ta yarda a sake kunna ta nan take, domin faifan ba ya komawa sai ya huce zuwa wani digiri da ke ƙasa da wanda ya kife a kai. Buta mai inganci tana da faifai na biyu a jikin ƙarfen da ke dafa ruwan, saboda ranar da aka kunna ta babu ruwa. Taylor bai manta da wanda ya share masa hanya ba, domin a 2008 an buɗe wani babban agogo da ya ƙera wa kwalejin Corpus Christi ta Jami'ar Cambridge, mai siffar wata ƙatuwar fara ta ƙarfe a samansa, wadda ke aiki da wata dabarar agogo ta Harrison. Masanin kimiyya Stephen Hawking ne ya buɗe shi.

A ɓangaren kibod, wutar ba ta da yawa. Butar lantarki a Birtaniya takan ja har amfiya 13 a kan bolt 230, alhali kibod bolt 5 ne ke tafiyar da shi, don haka babu fargabar tartsatsi. Abin da ake nema a nan shi ne yatsan mai rubutu ya san daidai lokacin da harafi ya shiga. Wani injiniyan IBM, Richard Harris, ya samu takardar mallakar ƙirƙira a 1978 a kan wata dabara mai sauƙi: ƙarƙashin kowane madanni akwai siririn sifirin a tsaye, idan an danna sai ya riƙa matsewa yana ƙara tauri, har ya kai inda ba zai iya jurewa ba, ya karye gefe guda ya bugi bangon ramin da yake ciki. Wannan karyewar ce ke tura wata 'yar guduma da ke ƙasa ta rubuta harafin. Saboda haka ƙarar da kunne ke ji, da sakin da yatsa ke ji, da shigar harafi, duk a lokaci guda suke faruwa. An yi amfani da dabarar a kibod samfurin Model F na 1981, da kuma Model M na tsakiyar shekarun 1980, wanda nauyin na farko-farkonsa ya haura kilo 2. Tun daga 1996 wani ƙaramin kamfani mai suna Unicomp a garin Lexington na jihar Kentucky ya ci gaba da ƙera irinsa.

Kamfanin Cherry, wanda aka kafa a Amurka a 1953 kafin daga baya ya koma Jamus, wata hanya ya bi. Makunninsa samfurin MX, na 1983, yana da ɗan sanda na roba mai sauka a kan sifirin, yana sakin wani fallen ƙarfe ya taɓa ɗan'uwansa. Madannin yakan sauka milimita 4, amma harafi yakan shiga tun a wajen milimita 2. Launin sandan ne ke nuna halinsa: baƙi da ja suna sauka sumul, mai ruwan ƙasa yana da ɗan tudu da yatsa ke ji, shuɗi kuma yana da wani ɓangare na biyu da ke zamewa ya yi ƙara. Bakin ƙarafan da zinariya ake shafe shi, domin wuta 'yar kaɗan ba ta iya ratsa tsatsa, zinariya kuwa ba ta tsatsa. A makunnin buta, inda wuta ke da ƙarfi, azurfa aka fi amfani da ita. Har ila yau, ƙarafan sukan yi 'yar rawa idan sun haɗu, su taɓa su saki sau da dama cikin ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba, don haka akan tsara kibod ya ɗan jira su natsu, in ba haka ba harafi ɗaya ya fito sau uku. Bayan da wa'adin takardar mallakar Cherry ya ƙare, kamfanonin kasar Sin irin su Kailh da Gateron sun shiga ƙera makamantansa da yawa.

Yawancin kibod masu araha kuwa, tun daga shekarun 1990, wata 'yar ƙoƙuwar roba ce a ƙarƙashin kowane madanni, wadda ita ma jurewa take yi sa'annan ta rufta. Neman sirantar da kwamfuta ya taɓa jefa kamfanin Apple cikin matsala. A 2015 ya fito da wani makunni da ya laƙaba wa sunan malam-buɗe-littafi, wanda saukarsa ba ta kai milimita 1 ba, sai masu saye suka yi ta ƙorafin cewa 'yar ƙura kaɗan kan sa madanni ya maƙale ko ya maimaita harafi. Kamfanin ya daina amfani da shi tsakanin 2019 da 2020, kuma a 2022 ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da aka shigar a Amurka, ba tare da ya amsa laifi ba.

Kuskuren kibod dai asarar lokaci da kuɗi yake jawowa. Na makunnin zafi kuwa yana iya kaiwa ga rai, shi ya sa masu ƙera kayan lantarki ba sa dogara da faifai kaɗai. A cikin dutsen guga, da na'urar busar da gashi, da tukunyar dafa shinkafa, da injin fanka, akan sa wani ɗan fis na zafi, wanda girmansa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. A cikin irin wanda aka fi sani akwai wani ɗan dunƙule mai kama da kaki, da ke tokare da sifirin. Idan zafi ya kai digirin da aka rubuta a jikinsa, dunƙulen ya narke, sifirin ya raba ƙarafan, kuma ba sa sake haɗuwa har abada. Da gangan aka yi shi haka, domin ba ya aiki sai makunnin farko ya gaza. Muhimmancinsa ya fito fili a 1991, lokacin da kamfanin General Electric, tare da hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka, ya nemi a mayar masa da wasu na'urorin dafa gahawa daga cikin kimanin miliyan 9 da aka ƙera tsakanin 1976 da 1984, saboda fargabar cewa fis ɗin da ke cikinsu na iya ƙin yankewa ya haddasa gobara.

A nan ne batun ya shafi kowane gida, ko a London ne, ko Jidda, ko zangon Kumasi. Idan fanka ko dutsen guga ya mutu farat ɗaya, sau da yawa wannan fis ne ya yanke. Hanya mafi sauƙi ga mai gyara ita ce ya cire shi ya haɗa wayoyin biyu kai tsaye, abin ya tashi nan take, mai kaya ya biya ya tafi da murna. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne, domin dalilin da ya sa fis ɗin ya narke yana nan, ko tamostat ne ya manne, ko ƙura ta toshe hanyar iska, ko injin ya cije don rashin mai, kuma yanzu babu abin da zai yanke wuta idan zafin ya dawo. Gyaran da ya dace shi ne a fara gano abin da ya jawo zafin, sa'annan a sa sabon fis mai lambar digiri da amfiya iri ɗaya da na tsohon. Akan matse wayoyinsa ne da ɗan maɗaurin ƙarfe, domin zafin dalma na iya narkar da shi tun kafin ya fara aiki. Saboda haka duk wanda ya kai fanka ko dutsen guga gyara, yana da kyau kafin ya karɓi kayansa ya nemi a nuna masa tsohon fis ɗin da aka cire, da kuma sabon da aka sa a madadinsa.